Ranar da Alƙali Ya Auri Ɓarawo

Allah ya jiƙan Mai Kujera, ya sa ya huta. Har yau masu wucewa ta bakin rumfarsa sukan rage tafiya, suna jiran a jefo musu tsokana daga ciki, sai su tarar da ƙofa a rufe.

Saƙar kujeru ce sana'arsa, da igiyar roba ja da fara. Idonsa ya tafi yana tsakiyar ƙarfinsa, amma hannu bai tafi ba, baki kuwa sai ma ƙaruwa da ya yi. In ka kawo masa kujerar da ta lotsa, zai shafa ramin ya ce, "Gaya wa mai zama a nan ya rage loma."

Abin da ya fi ci masa rai a rashin ido shi ne karatu, don tun yana saurayi ba a raba shi da littafi. Sai matarsa ta ɗauke masa nauyin. Kullum da yamma takan jawo ɗan bencinta zuwa rumfa, ta maƙala tabarau, tana karantawa yana saƙa. Rabi karatu, rabi gardama. In ya ce jarumin labarin wawa ne, ta ce ai shi ya sa ya gane shi da wuri. Haka suka tsufa.

Wata rana babbar 'yarsu, mai aiki a kantin magani, ta kawo masa waya mai karanta rubutu da murya, ta zuba masa littattafai a ciki. Ya yi murna kamar yaron da aka saya wa keke. Sai dai wayar tana da aibi biyu. Wasu littattafan hoton shafuka kawai aka ɗauka, in ta zo kansu sai ta ce "hoto" ta yi gum. Waɗanda take iya karantawa kuma, ba ta san haruffa masu lanƙwasa ba, haɗiye su take yi. Ɗaki a bakinta aki ne, ƙofa kuwa ofa. Cikin 'yan kwanaki kunnensa ya saba, yana cike gurbin da kansa.

Ƙaddara ta sa ya fara da wani littafi da matar ta taɓa karanta masa shekarun baya, wanda a cikinsa mota ta kaɗe wani likita labari ya ƙare. Ya saurara, ya saurara, mota ba ta zo ba. Likita ya rayu, ya yi 'ya'ya, har da jikoki. Ashe ranar tukunya ce take ƙonewa, sai matar ta kashe bawan Allah da bakinta ta rufe littafi.

Da ya yi shiru da ya zauna lafiya. Ina! Sai da ya bari maƙwabta sun taru a rumfa, ya ɗaga murya.

"Maman yara, zo ki gaya wa jama'a inda kika binne likita!"

Aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba. Ta cire tabarau, ta naɗe, ta ce, "Idona ya tsufa a kan littattafanka, ladan ke nan. Tunda ka samu mai gaskiya, ta karanta maka." Ta ɗauki bencinta ta shige ciki.

Ya ɗauka fushin kwana ɗaya ne. Aka yi ta kwanaki. Abinci yana zuwa a kan kari, gaisuwa ba ta yanke ba, amma benci bai dawo ba. Ga littattafai sun fi ƙarfin lissafi, ga murya ba ta gajiya, ba ta tari, ba ta tashi duba tukunya. Amma in ya ce, "Wannan jarumin wawa ne," sai ta zarce da karatunta. Ya gwada zaginta ma, ko a jikinta. Saƙa ta fara karkacewa a hannunsa. Kuma "yi haƙuri" kalma ce da ba ta taɓa sanin hanyar bakinsa ba.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya jawo kujerarsa ƙarƙashin tagar kicin, ya ƙure sautin waya, ya sa wani labarin kotu. Murya ta ce, "Alali ya dubi arawon, ya aure shi shekara biyar."

Mai Kujera ya tafa hannu. "Ikon Allah! Alƙali ya auri ɓarawo! Duniya ta zo ƙarshe. Ko wa ya biya sadaki?"

Cikin kicin ƙarar wanke-wanke ta tsaya, sannan ta ci gaba da ƙarfi.

Murya ta ce, "Matar arawon ta fashe da kuka, ta ce har yanzu tana aunarsa."

"Af, tela ce ashe," in ji shi, yana jan igiya hankali kwance. "Miji ya yi sabon aure, ita kuma tana auna shi za ta ɗinka masa kayan angwanci. Mace ta gari ke nan."

Wani murfi ya faɗi ƙasa. Ya ji numfashin matarsa a bakin taga, ya yi kamar bai ji ba.

"Bari in kira mai shagon kusa in ba shi labari, wannan ai ba na ji ni kaɗai ba ne."

"Ɗaure shi ya yi!" Taga ta buɗe da ƙarfi. "Ɗaurewa, a kurkuku! Kuma ƙaunarsa take yi! Za ka je ka kunyata mu a unguwa da girmanka?"

"To ni ina zan sani? Abin da aka karanta mini na ji."

Takalmanta suka zagayo ta tsakar gida. Ta fizge wayar, ta nisanta ta da fuska, ta karanta shafin daga farko, tana danna kowane harafi kamar mai dukan ƙusa. Kafin ta kai ƙarshe sun fara musu a kan ko shekara biyar ta yi wa ɓarawon yawa. Washegari benci ya riga shi fitowa. Ta ce a fara da littattafan da wayar take cewa "hoto," tunda su dai ba mai bin diddiginta.

Da 'yar ta zo ziyara, ta ce an fito da wata murya da ta san haruffan duka, ya kawo ta sa masa. Ya yi wuf ya danne wayar da cinya.

"Kar ki taɓa ta. Haka nake son ta, da tsamin bakinta."

"Baba, ai wahala kake sha."

"Wa ya gaya miki?"

Uwar tana goge tabarau da gefen zane, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Rabu da shi, 'yar nan. Ya san ɗaure, ya san aure, tun kafin a haife ki. Tsohon banza kawai. Matsa mini, kai, ka tare haske."

Ya matsa, yana murmushin nan nasa na wanda ya ci riba. Daga ranar bencin bai sake komawa ciki ba, sai da aka fitar da mai rumfar.