Ƙwallon da Ta Faɗo Tsakaninmu

Shekarun baya, ina ɗan sakandare a Yelwa, ba ni da zance sai na ƙwallo. Baya nake tsarewa, kuma da yake Allah Ya yi ni zanƙalele, duk wadda ta taso sama tawa ce. Da kaina nake taƙama, don ƙafata kam sai a hankali.

Wata rana da la'asar muka buga da 'yan bakin ruwa, waɗanda wani abokina ke buga wa gaba. Aka ɗago ƙwallo, muka tashi tare ni da shi, kawunanmu suka gwaru. Iyakar abin da na sani ke nan. Na farfaɗo a asibiti ina amai, ina tambayar Inna wa ya ci. Ta faɗa min, in sake tambaya. Likita ya ce ƙwaƙwalwata ce ta girgiza, sai na huta sosai.

Da na warke na koma fili, Inna na faɗa. Sai dai jikina ya ƙi yarda da ni. Ƙwallo na tasowa sai wuyana ya shige kafaɗa, ba ni na sa shi ba. Aka laƙaba min Kunkuru. Ina taya su dariya, amma wallahi tsoro nake ji. Mai horar da mu ya ce in ban dawo daidai ba, wani zai ba lambata.

Muka sake haɗuwa da 'yan bakin ruwa. Aka ɗago wata sama, daga ni sai abokina. Na ƙame. Ashe shi ma bai tashi ba. Ƙwallo ta faɗo tsakaninmu tana tsalle, fili ya kwashe da ihu.

Bayan an tashi muna wanke ƙafa a gaɓar tafki, na ce masa, "Ni kam an san ciwona. Kai mi ya hana ka?"

Ya kalli ruwa ya ce, "Ran nan na ga idanunka sun juye, na ɗauka na kashe ka. Tun sannan ban ƙara tashi sama ba."

Na rasa lambata, kuma yanzu abin ba ya min ciwo. Tsoron ya tafi a hankali, da na daina ɓoye shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, lokacin da nake kwance, gidanmu cike yake da masu dubiya, wannan da fura, wancan da soyayyen kifi. Shi kuwa yana can gida shi kaɗai, ba wanda ya je ya ce masa sannu.