Shuɗiyar Ƙofar Hajiya Falmata

Har yau ban manta da ranar da na ɗauki jan biro na soke sunan wata unguwa a rubutun Rashida ba. Wata Talata ce, sati biyu bayan ƙaramar Sallah, ina shekara ta goma sha ɗaya a aikin tace littattafai. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun san ni da mita a kan waƙafi da aya, kuna kuma kwaikwayona a bayan idona, duk ina sane. To yau ba maganar waƙafi zan yi muku ba.

A lokacin ofishinmu ɗaki biyu ne a saman wani bene a Titin Ibrahim Taiwo. Alhaji Manaja ne mai kamfanin, shi ke yanke abin da za a buga. Ni ne babban edita, sunan ne dai ke da girma, don editan ma ni kaɗai ne. Tsarin aikin kuwa, marubuci ya kawo labarinsa, in karanta sau ɗaya babu biro a hannuna, in sake bi da jan biro, mu zauna mu yi ta ja-in-ja har mu daidaita. Daga nan a kai wa masu injin bugu a Sabon Gari su fitar da gwaji, in duba, sannan a buga na kasuwa.

A shekarun ne wani irin labari ya fara shigo mana, wanda a ofis muke kira labaran aljanun birni. Da, in marubuci zai kawo aljani sai ya kai ka wata ƙasa mai nisa da babu wanda ya taɓa zuwa. Waɗannan kuwa aljanin a cikin adaidaita sahu yake, yana rigima da direba a kan canji. Ka ɗaga labule a bayan wani shagon atamfa, sai ka faɗa wani Kanon da ke ƙarƙashin wannan. Na so labaran nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Matasan da suka yar da littafi suka rungumi waya sun dawo karatu saboda su. Mutum ya karanta yau, gobe ya bi titin da ya shekara ashirin yana bi, ya ga kamar bai taɓa kallonsa ba. Marubuci kuma yakan samu hanyar faɗar abin da ba ya faɗuwa kai tsaye: mai gidan hayar da ke shan jinin 'yan haya sai a mai da shi mai shan jini na gaske, kowa ya gane da wanda ake.

Suna da nasu raunin. Da marubuci ya rasa mafita sai ya kirawo aljani ya kwance masa ƙullin da shi ya ɗaura. A babi na uku a ce aljani ba ya tsallake kwata, a babi na tara ka gan shi yana tsalle a kanta kamar akuya. Irin waɗannan ba sa wuce ni, har alfahari nake yi. Babban raunin ne ban gani ba, kuma da hannuna na zuba shi a littafin.

Rashida malamar firamare ce, 'yar gidan Yarbawa Musulmi da suka daɗe a Fagge, a nan aka haife ta, Hausar bakinta kuwa ta fi tawa zaƙi. Labarinta a kan wata tsohuwa ne mai gadin ƙofar da ke tsakanin mutane da aljanu, wadda ke sayar wa amare kayan ɗaki, tana karɓe kwanciyar hankalinsu a madadi ba tare da sun sani ba. Labarin ya yi kyau. Amma ta ajiye shi a wata unguwa da ta ƙirƙira, wai ita Kukar Maraice. Na soke sunan, na rubuta mata a gefe cewa unguwar da babu ita ba ta da wari ba ta da ƙamshi, mai karatu ba zai ji tsoro a wurin da bai sani ba.

Ina da wata al'ada da nake taƙama da ita, wadda nake kira tattaki. In labari a Kano ya faru, sai in ɗauki marubuci da rubutunsa mu taka titin da ƙafa, mu ga ko abin da ya rubuta haka yake. Ranar Asabar muka hau adaidaita ni da Rashida muka sauka a Rijiyar Lemo, muna ta shiga lungu muna fita, muna neman wa tsohuwar labarin gida. Hancinmu ne ya kai mu. Wani ƙamshi ya tare mu tun daga bakin wani lungu, muka bi shi har gaban wata shuɗiyar ƙofa, ga darbejiya a gefe, ga tsohon turmi an kife shi a gindinta.

A soron gidan muka tarar da Hajiya Falmata, dattijuwa Babarbariya mai zane a fuska, tana haɗa turaren wuta. Iyayenta sun zo da ita Kano daga Borno tun tana goye, a gidan nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu. Rabin amaren Fagge da turarenta aka kai su ɗaki. Ta ce mu shigo daga rana, ta kawo mana ruwan randa a kwanon sha. Da ta ga Rashida na tambaya, sai ta shiga nuna mata kayan haɗin, su kajiji da farce da sandal, yadda ake soya su da sukari, da yadda ake barinsu su kwana biyu a rufe kafin su nuna. Da za mu tafi ta ƙulla ɗan turare a leda ta ba Rashida, ta ce ta ajiye sai ranar aurenta.

Ba mu faɗa mata abin da ya kawo mu ba. Wannan ita ce gaskiyar magana. Muna fita na ce da Rashida ta rubuta duka, ƙofar da bishiyar da turmin da zanen fuskar, tsohuwar labarin kuma ta koma mai turaren wuta. Rashida ta tsaya a tsakiyar lungun ta ce, "Malam, anya ba za a gane ta ba?" Na ce ai ba za mu sa sunanta ba, wa zai bar karatu mai daɗi ya tafi neman ƙofa? Ta rubuta yadda na ce, don ni ne babba, kuma littafinta na farko ne.

Littafin ya fito bayan babbar Sallah, ya kuma samu karɓuwa irin wadda ba mu saba gani ba. Alhaji Manaja har ya yabe ni a gaban masu bugu, abin da bai taɓa yi ba. A shafin farko mun sa jimlar da muke sa wa kowane littafi, cewa ƙagaggen labari ne, in ya yi kama da wani dace ne. Sai wata mai daɗin murya, wadda har yau ban san ko wace ce ba, ta karanta babi na bakwai kaɗai ta naɗa a waya. Babu shafin farko, babu sunan littafi. Haka muryar ta yi ta yawo a zaurukan mata, da taken a yi hattara da abin da ke faruwa a Rijiyar Lemo.

A nan ne ya kamata in tuna abin da kowane ɗan makarantar allo ya sani. Mu aljani ba abin ƙage ba ne a wurinmu, mun yi imani akwai shi. Labarin ne ƙage, amma aljanin gaskiya ne, lungun gaskiya ne, ƙofar ma gaskiya ce. Wadda ta ji a waya tana tsaka da girki, ta ina za ta gane wanne ne ɗaya da aka ƙaga a cikin huɗun?

Da fari 'yan mata ne ke zuwa ɗaukar hoto a bakin ƙofar. Daga baya iyayen amare suka fara janye aikin da suka bayar. Sai aka yi rashin sa'a wata amarya ta yanke jiki ta faɗi ranar kamu, a ɗakin da ya cika da mutane ga zafin bazara. Likita ya ce yunwa ce da gajiya, matan biki suka ce turaren Hajiya Falmata ne. Duk wannan ban san ana yi ba, ina can ina gyara wa wani waƙafi.

Wata Laraba da hantsi na ji ana hawowa benenmu a hankali, ana hutawa a kowace kwana. Ƙamshin ne ya riga ta shigowa. Hajiya Falmata ce, ita kaɗai, da littafin a cikin baƙar leda. Jikanyarta ce ta karanta mata adireshinmu a bayan bango. Ta dube ni ta gane ni, amma sai da ta gaishe ni ta tambayi iyali tukuna.

Ta ce, "Ɗana, ban yi boko ba. Kowa na faɗa mini abin da ke ciki, kowa da irin tasa. Na zo in ji daga bakin masu shi."

Na so in yi ta ba da haƙuri in kauce wa karatun, ta ce a'a, in dai karanta. Na buɗe babi na bakwai. Rashida ta zuba gwanintarta a wurin: yadda rana ke ratsa ganyen darbejiya ta sauka a kan shuɗin fentin, yadda saman turmin ya yi sulɓi don yawan zama. Sai na ga dattijuwar tana murmushi. Ta ce a kan turmin nan maigidanta yake zama bayan la'asar, shi ya yi wa ƙofar fenti a shekarar da zai rasu, shi ya sa ba ta taɓa canja launin ba. Ta ce yarinyar nan ta iya kallo, babu wanda ya taɓa ganin ƙofarta haka.

Na ci gaba ba don ina so ba, har na zo inda zanen tsohuwar ya ɗage aka ga kofato a maimakon ƙafa. Hajiya Falmata ta sunkuya ta dubi ƙafafunta a cikin silifas, sun kumbura saboda hawan bene. Ta ce, "Ashe shi ya sa. A Islamiyya kowa ƙafata yake kallo, na zaci lallena ne bai kama ba."

Na rufe littafin. Ta naɗe ledarta a hankali, ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Abin da kawai ta tambaye ni shi ne, "Me na yi muku? Ruwa na ba ku."

Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Mun yi abin da za mu iya. Alhaji Manaja ya tsayar da sayarwa, muka mayar da labarin zuwa Kukar Maraice a bugu na biyu, ƙofar ta koma ta langalanga. Rashida ta naɗi muryarta tana kuka tana bayanin cewa ita ta ƙaga. Na je wurin mai unguwa, liman ya yi magana bayan sallar la'asar, mutane suka yi ta gyaɗa kai. Amma magana zarar bunu ce. Bayanin Rashida bai kai inda muryar farko ta kai ba, inda ya kai ɗin ma wasu cewa suka yi ai dole su musanta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karon ni na ja, ita ta jiƙe.

Kafin azumi ya zagayo ta sayar da gidan ta koma wurin 'yarta a Maiduguri. Mutane suka ce ta koma gida, alhali ko titi ɗaya ba ta sani ba a can. Mun je sallama ni da Rashida ranar da ake ɗora kaya a mota. Ta ce ta yafe mana duniya da lahira, sai dai ba za ta iya zama inda uwa ke janye ɗiyarta in ta zo wucewa ba. Turmin ne kawai ta ce a bar shi, ya fi ta sabo da wurin. Bayan shekara biyu jikanyarta ta bugo ta ce Allah ya yi mata rasuwa.

Rashida ba ta ƙara kawo mini rubutu ba, ba ta kuma kai wa kowa ba. Da aurenta ya zo, maiɗakina ta je, ta dawo ta ce amarya ta fito da wani ɗan ƙulli a tsohuwar leda, ta zuba a kasko da hannunta a gaban mata, ta faɗi sunan mai shi da ƙarfi, ta ce kowa ya yi mata addu'a. Ƙamshin yana nan bai gushe ba. Mata suka yi ta tambayar inda ake sayarwa.

Ban daina son labaran aljanun birni ba, ban kuma daina tattaki ba. Ƙarfinsu yana wurin da suke taɓa titin da muka sani, kuma a nan ɗin ne suke yanka. Don haka in marubuci ya kawo muku aljani a cikin adaidaita, ku bar shi ya hau. In ya tsayar da shi a bakin wata ƙofa kuwa, ku ajiye biro ku je ku yi sallama, ku faɗi abin da ya kawo ku kafin ku sha ruwan gidan. Ni na sha na Hajiya Falmata ban faɗa ba. Allah ya jiƙanta.