Ba a Aiken Babban Yatsa

Jiya tawada ta ɓata mini hannu a ofis, sai na tuna da marigayi tsohon hedimasta, wanda ya horar da mu aikin rumfar zaɓe a Birnin Gwari, shekarar da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a.

Bai taɓa koyar da mu a gaban allo ba. Yakan zaunar da mu a teburi ƙarƙashin mangwaro, ya tuɓe hula, ya rataya fartanya, ya dawo mana a matsayin mai zaɓe mai gardama, bakinsa ja da goro.

Da aka zo kaina, ya ajiye katin zaɓe biyu. "Malam, ga nawa, ga na mai ɗakina. Tana daka, ni zan dangwala mata."

Na soma karanto masa doka. Ya girgiza kai. "Ɗana, doka ba za ta fito da ita daga gida ba. Ka ce wa mijin ba a aiken babban yatsa, kuma layin mata daban yake."

Ranar zaɓe a Kusasu, wani manomi ya zo mini da wannan buƙata, na ba shi wannan amsa. Ya yi dariya. "Ai kuwa yatsan yana jikinta."

Kafin azahar ya dawo da ita, maƙwabtanta mata na biye, wasu da goyo. Ta goge garin dawa a zane, ta dangwala da kanta.

Allah Ya jiƙan malam, Ya miƙa masa sakamakonsa a hannun dama.