Sun ce kasala ce, ashe jinina ke ƙarewa

Salamu alaikum. Tun bayan sallar layya ban ce uffan a nan ba. Masu cewa girman kai ne, ku karanta.

Da nauyin jiki abin ya fara. In tashi da asuba kamar an yi mini duka. In ja taru kaɗan a tabki, numfashi ya ɗauke.

Jirgi guda muke kamun kifi da shi ni da yayana Sanusi, gadon babanmu. Ya dube ni ya ce, "Kasala ce, Hamisu. Tunda ka yi aure ka lalace."

Shi ke nan, suna ya bi ni har teburin mai shayi. Mai zazzaɓi ana yi masa sannu, mai kasala kuwa dariya ake masa.

Jini a fitsari fa? Tun muna yara muke ganinsa. A wurinmu ƴan bakin ruwa ba ciwo ba ne, cewa ake yaro ya zama namiji. Ko a raina ban kawo ba.

Yaya ya ɗauko wani ɗan garin Gabi ya sa a gurbina a jirgi.

Ranar da na zube a ƙofar masallaci, matata Rabi ce ta nemo mai moto, ya kai mu asibiti a babur ɗinsa. Aka yi analis, wato gwajin jini da fitsari. Likita ta ja fatar idona ta ce, "Fari fat! Da wane jinin kake yawo? Tsargiya ce, ta daɗe tana cin ka."

Aka tura mu Maradi ƙarin jini. Akuyar Rabi ta tafi a magani. Wallahi na tsorata, har wasiyya na bar mata.

Aka aika wa Yaya ya zo a gwada jininsa. Ya ce kifi na kamuwa, ba ya iya barin ruwa. Maƙwabcinmu Malam Idi ne ya miƙa hannu.

Yau alhamdu lillahi, ina tafiya da ƙafata. Rabi, Malam Idi, ma'aikatan asibiti, Allah ya biya ku.

Jama'a, in mai ƙwazo ya ce jikinsa ya mutu, ku duba idonsa kafin ku yi masa suna. Jini a fitsari ba mazantaka ba ne, ku kai yaranku a gwada.

Yaya ya zo gaisuwa. Wai, "Ai da ka faɗa ba ka da lafiya."

Na ce, "Na faɗa, Yaya."

Yau da safe na tsaya a bakin tabki da ƙarfina. Jirgin babana ya wuce ni, ɗan Gabi na tuƙi.