Malam Ubaidullahi da Katin da Na Ɗauko daga Ƙetare

Shagon Malam Ubaidullahi yana bayan tashar mota ta Birnin Kudu, tsakanin mai faci da mai shayi. In ka kai masa kwamfuta ba ya taɓa sukurdireba sai ya ga yadda kake amfani da ita. Zai ba ka kujera ya ce ka yi abin da ka saba yi, shi kuma ya tsaya a bayanka ya harɗe hannuwa. Akwai akawun da ya taɓa yin fushi ya ɗauke kwamfutarsa saboda wannan, ya ce shi gyara ya zo ba jarrabawa ba.

A Dingaya aka haife shi, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano. Mahaifinsa mai shanun huɗa ne, ana ɗaukarsa aiki daga gona zuwa gona, shi kuma Ubaidullahi ya tashi yana riƙe igiya a gaba. Rediyon gidansu ce ta fara jan hankalinsa. Ya warware ta sau uku, sau biyu ta tashi. Daga nan aka tura shi Kano wurin wani mai gyara, ya shekara bakwai, ya dawo da akwatin kayan aiki da gilashin ido mai kauri. Yawancin aikinsa kwamfutocin makarantu ne da na masu buga takardu. Masu wasan kwamfuta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma ni ne na fi kowa wahalar da shi.

Abin da ya kai ni wurinsa shi ne ƙafar yayana Ɗanbala. Direban bas ne tsakanin Gwaram da Kano, shekara goma sha tara. Wata uku kafin in dawo daga karatu a Maleshiya taya ta fashe masa, motar ta kwanta, ƙafarsa ta dama ta karye a idon sawu. Ƙashi ya haɗu, amma likita ya ce in bai riƙa motsa ta kullum ba za ta sandare, kuma direban da ƙafarsa ta dama ta sandare ya gama tuƙi. Ɗanbala ya ƙi. Ya kwanta a ɗaki yana kallon rufi, matarsa Ikilima ta yi lallami ta yi kuka, bai motsa ko yatsa ba.

Sai dabara ta zo mini. Akwai wasan tuƙin babbar mota na kwamfuta, da sitiyari da giya da abin takawa uku kamar na gaske. Na ce wanda ba zai motsa ƙafa don likita ba zai motsa ta don totur. Har yau ina ganin dabarar mai kyau ce. Abin da na yi da ita ne abin dariya.

Na shafe makonni ina karanta sharhi a intanet, na zaɓi katin hoto, wato ɓangaren da ke zana abin da ido ke gani a allo, mafi girma da aljihuna zai iya. Fanka uku gare shi, nauyinsa kamar bulo. A cinyata na riƙe shi cikin jirgi. Sauran kwamfutar kuwa ban ba ta ko minti biyar na tunani ba, don na san akwai tsohuwar kwamfutar ofis da kawunmu ya ajiye a ɗakin hatsi tun da ya yi ritaya. Na kakkaɓe ta, na canza mata akwatin wuta, na yanke gefen murfinta da almakashin kwano saboda katin ya ƙi shiga.

Ranar gwaji muka zaunar da Ɗanbala gaban talabijin ɗin falo. Hoto dai ba a magana, har raɓa kana gani a gilashin motar. Da ya taka totur sai motar ta yi gaba, ta daskare, ta zabura, ta sake daskarewa. Ya juya sitiyari, sai da ya gama juyawa sannan tayoyin suka ji labari. Ya afka wa shingen titi.

"Bature," ya ce da ni, don haka yake kirana tun da na dawo, "wannan motar ruwa ta sha a tanki?"

"Saiti ne kawai, Yaya."

"Na kwantar da mota sau ɗaya, ya ishe ni. Ku mayar da ni ɗaki."

Kwana huɗu ina saitin. Na rage kyan hoto, ba abin da ya canza. Na biyar na ɗaure kwamfutar da sitiyarin a bayan babur na nufi Birnin Kudu, na tsara jawabina a hanya: katin jabu aka sayar mini.

Malam Ubaidullahi ya saurari jawabin har ƙarshe, sannan ya ba ni kujera ya ce in tuƙa. A fili motar ta ɗan yi dama. Ina shiga gari, inda motoci suka yi yawa, sai ta fara shiɗewa. Ya sunkuya ya kara bayan hannunsa kusa da katin, ya ɗaga, ya kai shi kan ƙaramar fankar da ke tsakiyar allon cikin kwamfutar, wanda duk kayanta ke zaune a kai. Ya janye da sauri.

"Taɓa nan, Malam Ishiyaku. Yanzu taɓa can."

Katin nawa ɗumi-ɗumi yake kamar shayin da aka manta. Ɗaya wurin kuwa sai da na yarfe hannu.

"Wannan da ya ƙone ka shi ne furosesa," ya ce. "Shi ke lissafin inda kowace mota take, da nauyin kayanka, da abin da sitiyari ya ce. Sai ya gama ya miƙa wa kati ya zana. Katinka lafiyarsa ƙalau. Zaman jira yake."

Na ce ai a sharhin da na karanta an ce kati ne komai a wasa.

"Masu sharhin sun ga kwamfutar kawunka?"

Mai shayi, da ya leƙo ba wanda ya gayyace shi, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Babana ya taɓa rasa sa guda ana tsakiyar damina," in ji Malam Ubaidullahi. "Ya aro wani ƙaton bijimi ya haɗa shi a karkiya da ɗan ƙaramin da ya rage mana. Mun yi murna, muka ce yau huɗa za ta ga ta kanta. Kunyar da muka ja ranar kamar maciji ya bi ta gonar. Babban yana tafiya yana jira, ƙaramin yana kumfa. Washegari ya mayar da bijimin ya aro daidai namu."

Daga nan ya shiga tambayoyin da ya kamata in yi wa kaina tun a ƙetare. Wane allo za a kalla? Talabijin ɗin falo. To ba ya nuna rabin abin da katin zai iya zanawa. Wace wuta ce a gidan? Ƙaramin janareta. Wane wasa? Wannan ɗaya tak, kuma irinsa furosesa yake ci fiye da kati. Ya ce ya san wani mai haɗa bidiyon biki a Kano da yake neman irin katina ido rufe. Za a yi musaya: matsakaicin kati, da sabon furosesa, da allon ciki da zai zauna a kai, da murfin da ba a yanka da almakashi ba.

Na tsura wa katin ido. Gaskiya ba ƙafar Ɗanbala nake tunani a lokacin ba, fankokin nan uku nake kallo.

"Ko ka bar shi," ya ce. "Yana da kyau a kan tebur. Sai dai ƙafa ba ta jira."

Na yarda aka yi musayar. Ranar Asabar ya kawo sabuwar kwamfutar da kansa har gidanmu a Gwaram, don ya ce bai ga mai ita yana aiki da ita ba tukuna. Sai da Ikilima ta haɗa Ɗanbala da girman baƙo sannan ya yarda aka fito da shi. Ya taka totur da ɗan yatsa, fuska a murtuke. Motar ta miƙe sumul. Ya shiga gari, ya sha kwana, ta bi hannunsa. Malam Ubaidullahi yana tsaye a bayansa, sai ya lura Ɗanbala yana taka birki da ƙafar hagu. Ya sunkuya ya matsar da abin takawar can dama, inda hagun ba za ta kai ba.

"Kai Malam, mugunta ce wannan."

"A bas ɗinka da wace ƙafa kake takawa?"

Wata motar ta tsaya a gabansa a danja. Ɗanbala ya cije leɓe, ya ɗaga ƙafar daman daga totur ya ɗora ta kan birki, ya danna har gumi ya keto masa. Tirelar ta tsaya, saura ƙiris.

Ya daɗe yana numfashi, yana kallon ƙafar. Da fitilar ta koma kore sai ya mayar da ita kan totur a hankali.

"Bature," ya ce, bai waiwayo ba, "je ka duba man janaretan nan. Tafiyar da nisa, kada ya mutu mini a hanya."