Ranar da Rinus Ya Tsayar da Igiya

A unguwarmu ta Jordaan, a Amsterdam, duk wanda zai tashi daga gida sai ya nemi Rinus Hoogland. Matakalar gidajenmu ko kujera ba ta bi da daɗi, don haka kaya ta taga suke fita, a ɗaure su da igiya, a rataya a ƙugiyar da ke ƙololuwar gida, a sauke a hankali. Aikin Rinus ke nan tun yana saurayi, kuma a hannun mahaifinsa ya koya.

Ni furanni nake sayarwa a bakin gada, na kuwa daɗe ina kallonsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga ƙarancin magana kamar ana sayar masa da ita. Dokarsa ɗaya ce: kaya in sun bar taga, ba sa tsayawa sai a ƙasa. Na taɓa ganin ya ƙi kula surukinsa har wata guda saboda ya sa shi tsayawa da firji a sama don ya ɗauki hoto.

Gwaggo Bep ce ta sa ya karya dokar nan. Tsohuwa ce da ke zaune a hawa na huɗu, gwiwoyinta sun gaji, 'ya'yanta suka samo mata ɗaki a ƙasa. Marigayi mijinta Sjef fentin jiragen ruwa yake yi, amma rabin rayuwarsa ya ƙare ne a kan zane guda, a jikin wani ƙaton allon katako da ya harhaɗa a ɗakinsu. Layinmu ya zana, da gadar, da ruwan da ke bi ta gaban gidajen, da mutanen. Abin da ke cin ran Bep shi ne, a garin da baƙi ke yin layi cikin ruwan sama don kallon zanen mutanen da suka mutu tuntuni, ban da ita da 'ya'yanta ba wanda ya taɓa ganin na Sjef. Kunya ta hana shi nunawa, matakala ta hana shi saukowa da shi.

Ɗanta Koos ya ce a sa zarto a raba allon biyu.

"Ka fara da ni tukuna," in ji Bep.

Rinus ya hau, ya dubi allon, ya dubi tagar. "Zai fita, Gwaggo, in na cire tagar da katakonta. Amma ki sauka ki jira a ƙasa, ba na son mai ba da umarni a bayana."

"Ji ɗan nema. Ni da na share maka majina."

Ranar Asabar da hantsi aka fara. Na ba Bep kujerata a bakin gada. Koos yana sama yana turowa, Rinus yana ƙasa da igiya a hannu, allon ya fito a karkace, lulluɓe da bargo. Bai kai hawa na uku ba sai iska ta taso daga kan ruwa, ta fizge bargon ta jefa shi kan wani keke. Allon ya juya, fuskarsa ta kalli ruwa.

Daidai lokacin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya fito daga ƙarƙashin gada. Ni dai ba na ɓoyewa, baƙin nan sun ishe ni, su taɓa fure su shinshina su wuce. Amma ranar na yafe musu. Matuƙiyar jirgin ta rage gudu, ta daina bayanin da take yi a lasifika, mutane suka miƙe tsaye suna nuna zanen, suna nuna layin, suna haɗawa. Ni ma na ɗaga kai. Ga rumfata a ciki, ga ni kaina lokacin da nake da siririn ƙugu. Ga Bep a taga tana shanya. Hawaye suka zo mini, ban kuma ji kunyarsu ba.

Rinus bai ɗaga kai ba, yana ta sakin igiya kamar kullum.

"Rinus," in ji Bep. "Tsaya."

"Gwaggo, kin san ba na tsayawa."

"Na sani, ɗana. Suna kallo ne."

Ya juyo ya dube ta. Sai na ga ya naɗe igiyar a damtsensa, ya kafa ƙafa a jikin dutsen bakin hanya, ya jingina da baya. Allon ya tsaya cak a sama, iska tana ɗan kaɗa shi. Nauyinsa ya kusa na mutum biyu, jijiyoyin wuyan Rinus duk sun fito. Masu keke suka taru a kan gada, mai gidan shayin kusurwa ya fito da tawul a kafaɗa. A cikin jirgin wani ya fara tafi, saura suka ɗauka.

Jirgin ya wuce, Koos ya leƙo daga sama. "To, Rinus, sauke mana haka nan."

Rinus ya dubi Bep, wadda har lokacin idonta na kan ruwa, ya ƙara naɗa igiyar a hannu.

"Akwai wani jirgin a baya," ya ce.