Ruwan da Bai Bar Wurinsa Ba

Kakata Inna Dije a bakin murhu take ba mu tatsuniya, bayan an sauke tuwo, a ƙauyenmu da ke gefen Kusada. Yaran unguwa kan cika tsakar gida, har da 'ya'yan Fulanin da ke kawo mata nono. Da ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ku matso," sai mu ce ta zo mu ji ta.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta kanyar da ta faɗa tsakiyar tafki. Ruwan da ta faɗa wa ya zunguri na kusa da shi, shi ma ya zunguri na gaba, har igiyar ruwan ta kai gaɓa ta rushe gidan tururuwa. Sarkin ruwa ya tara ruwayen. Kowa ya rantse bai bar wurinsa ba.

"To wa ya ci gidan tururuwa?" in ji Inna.

Na ce, "Kanya!"

"Ke tahi can, mai kan ƙwarya. Kanya ko gaɓar ta gani?"

Daminar da zazzaɓi ya ɗauke ɗan maƙwabcinmu, wata ta ce ta ga Inna ta shafa kansa. Aka faɗa a bakin rijiya, aka kai gidan suna. Kafin girbi har a kasuwar Kankia ana cewa Inna mayya ce. Yara suka ɗauke ƙafa. Ba ta fasa shimfiɗa babbar tabarmarta ba, ni kaɗai a kai, har ta rasu.

Yanzu a jami'a aikina shi ne kwaikwayon tafiyar igiyar ruwa a kwamfuta. Na yanka tafki gida-gida, kowane gida maƙwabtansa kawai yake gani, kuma ƙa'idarsa ɗaya: abin da aka miƙo maka, miƙa gaba. Lissafin da muke ɗora aikin a kansa ma bai damu da mene ne abu ba, sai kibiyoyin da ke haɗa shi da wasu. Malamina cewa yake abin gwanin kyau. Ni kuwa in na ga da'irar tana buɗewa, ƙirjina tafasa yake.

Har yau in na je gida matan nan suna tarbata, kowacce ta ce Allah Ya ji ƙan Inna, ita dai ji ta yi ana faɗa. Nakan ce amin, don an koya mini ladabi. Amma ruwa ne ba ya iya ƙin miƙawa. Su bakinsu yana rufuwa, ba su dai ga dama ba.